Ƙarar da na shigar da tawada a Kebbe

Shekarun baya masu nisa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni ne magatakardan kotun alƙali a Tambuwal. Abin da ya tuno mini da wannan zamani shi ne wani rahoto da na ji a rediyo makon jiya, ana karanta ƙididdigar hukuma ta ƙararrakin fyaɗe: nawa aka kai kotu, nawa aka hukunta. Mai karatun ya wuce labarin ƙwallo abinsa. Ni kuwa na kasa wucewa, domin na taɓa cike irin wannan takarda da hannuna, kuma na san wahalar da mutum yake sha kafin ya zama lamba ɗaya a cikinta.

A lokacin na dawo ke nan daga Zariya, inda aka yi mana kwas na 'yan watanni a kan sabuwar dokar da mutane ke kira finalkot. Na dawo da alƙalami mai shan tawada, da agogon hannu wanda nake dubawa ko babu inda zan je, da cikakken imani cewa tsofaffin ƙasar nan ni suke jira in zo in gyara musu aiki. Ina jin Larabci, ina jin Turanci, Fulatanci kuma a wurin mahaifiyata na sha shi. Alƙalinmu dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda ya fara shari'a tun kafin a haife ni. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ɗan Zariya.

Kowace shekara akwai fom da ake aiko mana daga Sakkwato, mu cike, a wuce da shi Kaduna. Kowane laifi da layinsa, kowane layi da gurbi biyu: ƙararrakin da aka shigar, da waɗanda aka hukunta. Da na fara aiki na ɗauko kwafin shekarun da suka gabata na duba. A layin fyaɗe, kowace shekara, kalma ɗaya ce da rubutun wanda na gada: babu. Ni kuwa ɗan ƙasar ne, na san ba haka ba ne. Mata suna hira a bakin rijiya, kuma muna da kunnuwa.

Ban daɗe ba na gane inda "babu" ɗin take fitowa. A kotunmu ba a fara rubuta ƙara cikin rajista. Ana fara rubuta ta ne da fensir a fallen takarda. Sai alƙali ya ji mai ƙara, ya ji wanda ake ƙara, sannan ya juyo ya ce, shigar da ita a kaza. A nan ne tawada take taɓa littafi. Rajistar kuwa shafukanta masu lamba ne, kuma sufeton kotuna idan ya zo yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, babu halin yagewa, babu halin gogewa. Na ce a raina, to ga inda ake binne gaskiya. Na ƙudurta cewa a zamanina ba za a binne ta ba.

A bazarar shekarar alƙalin Kebbe ya kwanta ciwo, aka umarci namu ya riƙa zuwa yana zama a can duk bayan mako biyu. Wanda ya san hanyar nan a wancan lokaci ya san ba tafiya ce ta marmari ba. Mukan isa da yamma jiki duk ya mutu, mu kwana, washegari a yi zama a babban zauren da aka ba mu.

Wata safiya, alƙali bai fito ba tukuna, ina shirya takarduna, sai wata Bafulatana ta tsaya a ƙofar zauren. Za ta yi shekara talatin da wani abu. Bayanta yayanta ne, dogo, riƙe da sanda, idonsa a ƙasa. Gefen fuskarta a kumbure yake, ta ja mayafi ta rufe rabinsa. Ta fara da Hausa tana harhaɗawa da ƙyar, sai na amsa mata da Fulatanci. Ta ɗago ta dube ni, sannan ta matso.

Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, tana zaune da 'ya'yanta a rugar yayan nata, wajen Fakku. Ranar kasuwar da ta wuce ta sayar da nononta, ta kama hanyar gida bayan la'asar ita kaɗai, domin sauran matan sun riga ta. Wani dillalin shanu ya biyo ta a kan keke. Kowa a Kebbe ya san shi, a gidansa Fulani suke sauka in sun kawo shanu, kuma da bakinsa ake ciniki. Ya tare ta a wani kwazazzabo. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Na tambaye ta, "Dukanki ya yi kawai, ko akwai abin da ya wuce duka?"

Yayanta ya juya baya ya fita waje. Ita kuwa ta ce, "Malam, da duka ne kawai da ban taka zuwa nan ba."

Na jawo rajista. Ban nemi fensir ba. Na buɗe sabon shafi, na ba ƙarar lamba, na rubuta sunanta da nasa, a gurbin laifi na rubuta fyaɗe da tawada, har na ja layi a ƙarƙashi. Na ji kamar na ci yaƙi.

Da alƙali ya shigo ya zauna a buzunsa, na miƙa masa littafin da hannu biyu. Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya sa ɗan doka ya ce wa jama'a su dakata a waje, ya rage daga ni sai shi.

"Ɗan Zariya, wa yac ce ka taɓa littafi?"

"Allah ya gafarta Malam, abin da ta faɗa na rubuta."

"Na gani. Tana da shaidu?"

"Babu. Su biyu ne."

"An kai ta ga likita?"

Likita mafi kusa tafiyar kwanaki ce, kuma kwana shida sun riga sun wuce.

Ya rufe littafin a hankali ya ce, "To bari in karanta maka abin da ba a koya maka can ba. Da ka rubuta da fensir, da na shigar da ita duka da jin rauni. Ga fuskarta nan, shaida ta ishe ni. Yau ɗin ga da na ɗaure shi, ita ta koma ruga da mutuncinta. Yanzu ka sa ta faɗi da bakinta, cikin littafin hukuma, cewa namiji ya kusance ta, ita ko ba ta da miji. In abin bai tabbata ba, shi zai tashi ya ce an yi mai ƙazafi. Dokar taku sabuwa ba ta ɗauke bulalar haddi ba. Ka san ko nawa ce?"

Na san ko nawa ce. Na haddace ta a makarantar zaure tun ina ƙarami. Tamanin. Sai dai ban taɓa tunanin ta a bayan wani mutum da na sani ba, balle a bayan matar da ta matso kusa da ni don ta ji harshen uwarta a bakina.

Na ce, "Ashe duk 'babu' ɗin nan da na gani..."

"Wasu ni nar rufa ma mata asiri, na ɗaure mazan da wani suna. Wasu kuma manya sunka rufa ma kansu, ban iya hanawa ba. Takarda ba ta bambanta su. Kai ma ba ka bambanta ba." Ya miƙo mini littafin. "Tunda kai kaj jefa ta, kai za ka gaya mata. Da harshenta. Kada ka rage komi."

Ban taɓa yin tafiya mai nisan wadda na yi daga buzun alƙali zuwa inuwar darbejiyar da take zaune ba. Na durƙusa nesa kaɗan, na faɗa mata duka. Na ce laifin ya fi ƙarfin wannan kotu, in ya tsaya sai an tafi Sakkwato, za a kira sunanta a gaban mutane, a tambaye ta abin da ko 'yar'uwarta ba za ta tambaye ta ba. Na ce in bai tsaya ba akwai bulala, kuma a bainar jama'a ake yi. Na ce da akwai wata hanya mai sauƙi, ni na toshe ta da gaggawata.

Yayanta ya ɗaga sanda ya dangwara a ƙasa ya ce, "Tashi mu tafi. Dama na ce miki gari ba namu ba ne."

Na ce masa ko sun tafi ƙarar tana nan, kuma gudu zai zama kamar amsa cewa ƙarya ta yi.

Ita kuwa ba ta tashi ba. Sannan ta ce, "Malam, kai ka rubuta ƙarya?"

"A'a."

"To me kake rawar jiki? Ni aka yi wa, ba kai ba." Ta gyara mayafi. "Ka gaya wa tsohon, na bar wa mutumin alama. Hannunsa na dama, tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Na cije shi har na ji gishirin jini. In bai warke ba tana nan."

In bai warke ba. Kwana shida, ga mutum mai iya sayen magani. Na koma na raɗa wa alƙali. Sai ya sa aka kira dillalin.

Bai zo shi kaɗai ba. Mahauta da 'yan kamasho da masu jiran alherinsa suka cika zauren har waje. Ya shigo da babbar riga fara, a ƙarƙashinta taguwa mai dogon hannu an ɓalle maɓallinta har wuyan hannu, alhali zafin ranar ya isa ya gasa ƙwai. Na lura da wannan, na kuma lura cewa hakan ba hujja ba ce, manyan mutane da yawa haka suke sa kaya. Na so in ce a sa shi ya naɗe hannun riga kawai. Daga baya na gane dalilin da alƙali bai yi haka ba. In ka tuɓe babban mutum a gaban jama'arsa bisa maganar mace ɗaya, aka ga babu komai, ka gama da ita. In kuma aka ga wani abu, zai ce ai rigima suka yi a kasuwa.

Aka karanta masa ƙara. Zauren ya ɗauki salati. Wani daga baya ya ce, "Kai, Fulani ba su da ta ido!" ɗan doka ya tsawatar.

Dillalin ya yi murmushi ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wagga mata ko nononta ban taɓa saye ba."

"Ranar kasuwa ba ku haɗu ba?"

"Ko kusa. Tun azahar nat tafi Dogon Daji wajen wasu shanu."

"Ko cacar baki ba ta taɓa haɗa ku ba? Ko gardamar ciniki? Ka tuna da kyau, mutum shina mantuwa."

"Malam, hannuna bai taɓa taɓa ko ƙwaryarta ba. A kawo Alƙur'ani in rantse. In na rantse kuma a bi min hakkina, don ina da ɗiya mata, ba a ɓata min suna a banza ba."

Alƙali ya juyo ya ce, "Ɗan Zariya, rubuta wanga duka, yadda yaf faɗe shi." Na rubuta. Na fassara wa matar abin da aka ce. Ba ta motsa ba.

Aka ɗauko Alƙur'ani a gafakarsa aka ajiye a kan buzu. Kowa ya san ba a taɓa shi sai da alwala. Dillalin ya miƙe zai zagaya bayan zaure, yadda aka saba.

Alƙali ya ce, "Zamna. Rana ta yi zafi, kada mu wahalsheka. A kawo mai buta nan."

Aka ajiye buta da kasko a gabansa. Ya dubi butar, ya dubi alƙali.

"Malam, ai ina da alwalata tun safe."

"Na yarda. Sabunta ta. Rantsuwa babba ce."

Ya tsuguna. Ya wanke tafin hannu sau uku, a hankali. Ya kurkure baki. Ya shaƙa ruwa ya fyace. Ya wanke fuska, ya sake wankewa, ya sake, har ruwa ya jiƙa gaban rigarsa. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a kasko. Ni dai na san abin da ke biye, kuma na san in fatar nan ta fito sumul, da hannuna na ɗaure matar nan a jikin turke.

Ya ɗebi ruwa ya shafa a kan hannun rigar.

Wani tsohon mahauci daga cikin mutanensa, wanda bai san dawar da ake ciki ba, ya ce, "Haba, mai gida, yaushe anka fara alwala bisa tufa? Naɗe mana!"

Babu yadda zai yi. Ya ɓalle maɓalli ya ja hannun rigar sama. Akwai tsumma a ɗaure. Alƙali ya ce ruwa ba ya ratsa tsumma sai da lalura, a ga lalurar. Da aka kwance, ga cizon nan, kamar baka biyu suna fuskantar juna, sun kumbura sun yi ruwa, ana iya ƙirga haƙoran.

"Kare ne," in ji shi.

Mahaucin nan ya leƙa, ya ja da baya, ya ce a hankali, "Wanga ba kare ba ne."

Alƙali ya sa aka mayar da Alƙur'ani gafakarsa ba a taɓa shi ba. Ya ce a tafi da mutumin Sakkwato. Na zauna a inda nake. Da jama'a suka watse ya dube ni ya ce, "Kada ka yi murna. Allah ne yaf fisshe ka, ba ilimin Zariya ba."

Ya yi gaskiya da ya hana ni murna. Shari'ar ta ɗauki kusan wata biyu a Sakkwato. Sau uku matar nan tana zuwa, ta bar 'ya'ya da shanu, ni ma ina zuwa da rajista. A can dillalin ya sauya magana, ya ce gardamar ciniki ce ta haɗa su har ya mare ta, ita kuma ta cije shi, kunya ce ta hana shi faɗa tun farko. Aka karanta masa abin da ya faɗa a Kebbe, ya tabbata maƙaryaci. Amma kotu ta nemi takardar likita a kan ainihin laifin, babu. Aka same shi da laifin duka da jin rauni, aka ɗaure shi 'yan watanni. Maganar ƙazafi ta mutu, babu wanda ya ƙara tayar da ita. Bayanta ya tsira. Hukuncin kuwa shi ne daidai wanda alƙalinmu ya so yankewa a rana ɗaya, ba tare da sunanta ya zaga kasuwanni ba.

Da fom ɗin shekarar ya zo, na rubuta a layin fyaɗe: an shigar, ɗaya, an hukunta, babu. Duk wanda ya karanta shi a Kaduna zai ɗauka wata mata ce ta yi ƙarar da ba ta da tushe.

Bayan haka aiki ya kai ni wurare. Na yi tafinta a Yamai da Faransanci, na zauna a Khartum, na yi shekaru a Kumasi, na ga kotunan Turai da idona. Ko'ina akwai irin wannan takarda mai gurbi biyu, wasu a littafi, wasu yanzu a na'ura. Ko'ina gurbi na biyu ya fi na farko ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ko'ina na sami masu cewa wannan ya nuna mata suna ƙarya, da masu cewa ya nuna alƙalai azzalumai ne. Na ga ƙasar da lambarta ta yi yawa ana zaginta, alhali abin da ya faru shi ne matanta sun daina jin tsoron zuwa kotu. Na ga kuma wadda take alfahari da ƙarancin tata, na tuna da rubutun wanda na gada. Ba na cewa a daina ƙirgawa. In ba a ƙirga ba, manya ne suke cin riba. Amma wanda zai rubuta lambar ya fara gaya wa mai ƙara abin da zai biyo baya, ya bar ta ta zaɓa. Ni ban tambaye ta ba. Na so in gyara takarda, na jingina bayan wata a kan haka.

Har yau ban yanke wa kaina hukunci ba, ko ni ne da gaskiya ko tsohon. Na fi shekara sittin ina juya abin.

Ganina da ita na ƙarshe a Kebbe ne, ruwan farko ya sauka, rugarsu na shirin tashi. Yayanta ya ce ba za su ƙara yin rani a wannan yanki ba. Ta zo ƙofar zauren ta tsaya daidai, ba ta shigo ba. Kumburin ya sace. Ta gaishe ni, ta tambayi mahaifiyata, sannan ta nuna rajistar da ke kan cinyata.

"Malam, littafin naku ya ce na yi gaskiya?"

Na yi ta neman yadda zan sa shi. Ina da harsuna huɗu a bakina a lokacin, na rasa na amfani. Na ce, "Bai ce kin yi ƙarya ba."

Ta ce, "Ba shi na tambaye ka ba."

Ta jira kaɗan ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.